HASKEN RANA DA TSATSAR TAGULLA: NAZARI DAGA ƘASAR MAFARA, BAKURA DA MARADUN

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da tsohuwa a ƙasar Mafara ko Bakura ko Maradun, da wuya a ce bai taɓa ganin tasar tagulla ko munduwa ko tsohuwar likkafa an adana a ƙuryar ɗaki ba. Haka kuma da wuya a ce bai ga ranar da akan fito da waɗannan kaya ba, ana gab da salla ko biki, a dirje su da toka da tsamiya, a ɗauraye, sa'an nan a shanya su a rana. Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce, shin ranar nan da ake shanya tagulla a cikinta gyara take yi, ko kuwa ɓarna?

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu wasu tasoshi biyu ne na kakata a Bakura, waɗanda aka yi mata gara da su, ƙira ɗaya, girma ɗaya. Ɗaya ana aiki da ita kullum, a wanke, a kife a tsakar gida. Ɗayar kuwa don tsananin so aka ɓoye ta a ƙarƙashin gado, a kan daɓe, ba ta ganin rana sai shekara-shekara. Wadda ake wahalar da ita ta yi launin ƙasa-ƙasa mai sulɓi, ba abin da ya same ta. Wadda aka tattala kuwa gindinta ya fitar da wani gari tsanwa, da aka goge sai ga ƙananan huji har haske na ratsawa. Mutanen gida suka yanke hukunci cewa duhu ne ya cinye ta, rana kuwa magani ce. Za mu ga cewa maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta tsaya nan ba.

Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa ɗalibin Hausa da kimiyyar ƙarafa? Ƙira dai tana cikin sana'o'in gargajiya da muke nazari. Mun iya lissafa zuga-zugai da uwar maƙera da masaba da awartaki, mun iya rarrabe maƙeran baƙi da maƙeran fari, amma in aka tambaye mu dalilin da ya sa aikin maƙerin fari ke sauya launi sai mu yi tsit. Bayan wannan kuma, harshen da muke karanta ba zai ɗauki ilmin kimiyya ba sai mun ɗora masa, mu ga inda ya gaza mu yi masa ƙari.

Mece Ce Tagulla?

Ba a haƙo tagulla daga ƙasa yadda ake haƙo zinariya. Gauraye ce ta ƙarafa biyu, watau jan ƙarfe, wanda wasu ke kira gaci, da kuma tutiya. Mafi yawan tagullar da ke hannun mutane tana da jan ƙarfe kashi 60 zuwa 70 cikin 100, sauran kuwa tutiya ce, wani lokaci da 'yar dalma kaɗan. Gwargwadon yawan tutiya, gwargwadon yadda launin ke barin ja ya koma rawaya. Ya kamata a lura cewa Bahaushe kan kira gaurayen jan ƙarfe da kuza da wannan suna ɗaya, kamar yadda ake cewa ɗan wasa ya ci lambar tagulla. A wannan maƙala mai tutiya muke nufi.

Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, ita kuwa tutiya tana narkewa tun a wajen digiri 420, ta tafasa ta zama hayaƙi a digiri 907. Wannan shi ne asalin farin hayaƙin nan da ke tashi in maƙerin fari ya zuga tagulla, wanda in ya shaƙe shi da yawa yakan kwana da zazzaɓi. Ma'anarsa kuma ita ce, duk lokacin da aka sake narkar da tsohuwar tagulla, wani kaso na tutiyarta ya tafi, launinta ya ƙara ja. Tun da yake maƙeranmu ba sabon ƙarfe suke saye ba, tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna da karyayyun mundaye suke narkarwa, ba a samun zobba biyu masu gauraye iri ɗaya. A riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a gaba.

Sanin wannan ƙarfe ya daɗe a ƙasar Hausa. Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, a shekarar 1353, ya ga ana narkar da jan ƙarfe ana mayar da shi sanduna, ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai shi. Gobir kuwa maƙwabciyar Zamfara ce ta jini da tsoka. Har ya lura cewa ruwan garin ya sauya launi da ɗanɗano saboda yana bi ta kan ma'adinin.

Tsatsa Da Sulke

In an ce tsatsa, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe ita ce ta baƙin ƙarfe, ja mai ɓarɓashi, wadda ke cin fartanya har ta huje. Illar wannan tsatsa ita ce ba ta manne wa jikin ƙarfe. Tana kumbura, ta ɓare, ta buɗe sabon wuri, ruwa da iska su sake shiga. Ta tagulla ba haka take ba. Da zarar an goge tagulla ta yi ƙyalli, iskar oksijin takan haɗu da fuskarta nan take, ta yi mata wata yana siririya ƙwarai, wadda kaurinta da farko bai wuce 'yan nanomita ba. Nanomita kuwa shi ne milimita ɗaya an raba shi gida miliyan. Wannan yana tana manne, tana kuma rage wa iska da ruwa hanyar kaiwa ga ƙarfen da ke ƙarƙashi. Watau tsatsa ce da ke tsare uwar ɗakinta daga sauran tsatsa. Tun da ban sami kalmar da aka tsayar mata a Hausa ba, na zaɓi in kira ta sulke, domin aikin sulken mayaƙi take yi.

Masana sun daɗe da lura da wannan hali a jikin ƙarafa. A shekarar 1836 wani Bajamushe mai suna Schönbein ya ga cewa baƙin ƙarfe, in an tsoma shi cikin wani ruwan asid mai ƙarfi sosai, maimakon ya narke sai ya daina ciwuwa. Michael Faraday na Ingila ya ce lalle wata yana ce da ido ba ya gani ta rufe shi. Sai a shekarar 1927 Ulick Evans na Jami'ar Kambirij ya iya ɓamɓaro irin wannan yana daga jikin ƙarfe, aka gan ta ƙuru-ƙuru.

Sulken tagulla ba abu ɗaya ba ne. Akwai haɗin jan ƙarfe da oksijin mai launin ja-ja, wanda masana ke rubutawa Cu₂O. Akwai ɗan'uwansa baƙi, CuO, wanda kan hau bisa na farko in an daɗe ko an sha zafi. Akwai kuma haɗin tutiya da oksijin, ZnO, shi kuwa fari ne. Launin ƙasa-ƙasan nan na tasar kakata ta tsakar gida shi ne sulken da ya nuna. In aka shekara da yawa a waje ana shan ruwan sama, wani sabon rufi tsanwa mai tauri kan hau kansa. Shahararren misali shi ne gunkin nan na mashigin birnin New York na Amurka, wanda aka ƙaddamar a 1886 yana jan ƙarfe, kafin a cika shekara 35 ya koma tsanwa gaba ɗaya, rufin nan kuwa shi ke tsare shi har yau.

Amma fa ba kowace tsanwa ce sulke ba. Akwai mai tauri da sulɓi wadda farce ba ya kankarewa, ita ce ta kirki. Akwai kuma mai gari-gari, mai haske, wadda ke tsirowa tabo-tabo, in an share ta dawo. Wannan cuta ce, gishiri ke kawo ta. Gishirin kan kutsa ƙarƙashin sulke ya haɗu da jan ƙarfe, in laima ta zo sai haɗin ya kumbura ya fasa sulken daga ciki, ya ci gaba da haƙa rami. Ita ce ta huje tasar ƙarƙashin gado.

Inda Haske Ya Shigo

Kafin a gane aikin haske sai an gane cewa cin ƙarfe a cikin ruwa aikin lantarki ne, tamkar abin da ke faruwa a cikin batir. A wani gefe na fuskar tagulla, ƙwayar tutiya ko ta jan ƙarfe takan saki 'yan ƙwayoyin lantarkin da ake kira ilektiron, ita kuma ta narke cikin ruwa. Ilektiron ɗin sai su bi ta cikin ƙarfen zuwa wani gefe, inda oksijin da ke cikin ruwa zai karɓe su. Ƙarfe ɗaya ba ya amo: in babu mai karɓa, mai bayarwa ba zai bayar ba. Saboda haka duk abin da ya sauƙaƙa tafiyar ilektiron ta cikin sulke, ko ya tauye ta, ya taɓa saurin ciwuwar ƙarfen.

To, sai aka yi dace abubuwan da suka haɗu suka yi sulken tagulla 'yan gida ɗaya ne da abin da ake yin farantin sola da shi. Ba su isar da lantarki sosai kamar waya, ba su kuma toshe shi sarai kamar roba. Tsaka-tsaki suke. A cikin duhu ilektiron ɗinsu a ɗaure suke. In haske mai isasshen ƙarfi ya faɗa musu, sai ya fizge ilektiron daga mazauninsa, ya bar gurbi. Daga nan ilektiron ɗin da gurbin da ya bari kowane sai ya shiga yawo, kowane kuma yana iya haddasa sauyi inda ya tsaya. Edmond Becquerel na Faransa shi ya fara ganin haske na haifar da lantarki a jikin ƙarfen da ke tsome cikin ruwan sinadari, a shekarar 1839, yana ɗan shekara 19. A farkon ƙarni na 20 kuwa, tun kafin a san farantin sola na yanzu, da jan ƙarfe mai rufin Cu₂O aka riƙa yin na'urorin auna haske. Ashe ke nan tasar da ke kife a tsakar gida, in ta jiƙe rana ta haske ta, wani ɗan raunanan farantin sola ne ba a sani ba.

Hasken rana ba iri ɗaya ba ne. Wanda ido ke gani tsawon zangonsa daga nanomita 400 ne zuwa 700, daga shuɗi zuwa ja. Ƙasa da 400 akwai wanda ido ba ya gani, ana kiransa altarabayolet, ya fi sauran ƙarfi, ko da yake bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke isowa ƙasa ba. Jan sulke, watau Cu₂O, yana farkawa da hasken da zangonsa ya gaza wajen nanomita 600, ke nan shuɗi da tsanwa na hasken yau da kullum sun ishe shi. Farin sulke na tutiya kuwa ba ya motsi sai da altarabayolet. Wannan ya nuna cewa fitilar ɗaki na iya taɓa ɗaya, amma sai rana tsaka ke taɓa su duka biyu.

Abin da ya fi ba da sha'awa shi ne, waɗannan biyu halinsu ya saɓa, kamar kishiyoyi a gida ɗaya. A jikin farin sulke, in haske ya raba ilektiron da gurbinsa, gurbin ne ke fitowa fuska inda ruwa yake. Da isarsa sai ya tsinke abin da ya ɗaure tutiya da oksijin, tutiyar ta narke cikin ruwa, oksijin ya tashi. Watau haske na cinye wannan sulke kai tsaye. Heinz Gerischer na Jamus ya yi bayanin haka tun cikin shekarun 1960. A jikin jan sulke kuwa ilektiron ne ke fitowa fuska. Can yana iya miƙa kansa ga oksijin, ya hanzarta rabin aikin batir ɗin nan da muka ambata. Yana kuma iya mayar da wani sashe na sulken ya koma jan ƙarfe tsantsa. Gurbin da ya rage a ciki shi ma yana iya mayar da jan sulke baƙi. Wanne daga cikin waɗannan zai rinjaya? Ya danganta da yawan tutiyar da ke cikin gaurayen, da tsamin ruwan, da gishirinsa, da kuma shekarun sulken. A nan ne maganar da muka yi ta cewa ba zobba biyu masu gauraye ɗaya ta dawo: rana ɗaya na iya yi wa zobba biyu na maƙeri ɗaya aiki daban-daban.

Kada kuma a ɗauka cewa haske ɓarna kaɗai yake yi. Cikin shekarun 1990 Digby Macdonald da Carmel Breslin da abokan aikinsu a Amurka sun nuna cewa ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake yin cokula da shi, in yana cikin ruwan gishiri aka haska masa altarabayolet, yakan daɗe kafin sulkensa ya huje fiye da wanda ke cikin duhu. A 1998 suka faɗaɗa binciken zuwa ga gaurayen jan ƙarfe. Ke nan akwai halin da haske ke ƙara wa sulke ƙwari, akwai kuma halin da yake raunana shi. A tagulla, ɓangaren tutiya shi ne mai raunin, domin shi ne haske ke narkarwa.

Sharaɗi guda ya ratsa duk wannan bayani, shi ne ruwa. In babu ruwa, ko da siririyar laima ce, ilektiron da gurbi sukan koma su haɗe, ba abin da ya faru. Busasshiyar tagulla a cikin rana ba ta da abin tsoro daga haske. Jiƙaƙƙiya a cikin rana ita ce ke kan siraɗi.

Duhu Ne Ko Laima?

Mu koma ga hukuncin mutanen gidanmu. A shekarar 1964 wani Bafaranshe mai bincike, Théodore Monod, ya tono kayan wani ayari da ya salwanta a hamadar Muritaniya, a wurin da ake kira Ma'adin Ijafen. Sandunan tagulla ne fiye da 2,000 tare da wuri, waɗanda aka kimanta sun kwanta a cikin rairayi tun wajen ƙarni na 12. Shekara ɗari takwas a binne, amma aka same su sanduna yadda aka ɗaure su. Da duhu ke cin tagulla da ba a tarar da kome ba. Abin da ya tsare su rashin ruwa ne. A gefe guda kuma, kayan tagulla da jan ƙarfe da aka tono a kaburburan Durɓi-ta-Kusheyi ta ƙasar Katsina a 1992, waɗanda suka sha damina ɗaruruwa a cikin ƙasa, sai da aka kai su birnin Mainz na Jamus aka yi shekaru ana jinyarsu.

Saboda haka ba duhun ƙarƙashin gado ya cuci tasar kakata ba. Daɓen ƙasa ne da ke tsotso laima da gishiri da damina, ga ɗaki a rufe iska ba ta kewayawa. Tasar tsakar gida kuwa abin da rana ta yi mata shi ne busarwa. W. H. J. Vernon na Ingila ya nuna tun cikin shekarun 1930 cewa cin ƙarfe a sarari ba ya yin ƙarfi sai laimar iska ta haura wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100. A ƙasarmu daga Nuwamba zuwa Afrilu, hunturu da bazara, iska ba ta kusantar wannan mizani, tagulla tana hutawa. Daga Yuni zuwa Satumba ne take shan wuya, musamman a Agusta, sa'ad da ake kwana ana marka, gari ya waye da raɓa, hantsi kuma rana ta buɗe a kan jiƙaƙƙen ƙarfe. A nawa ganin, in aka jera abokan gabar tagulla, laima da gishiri su ne manya, haske kuwa ƙaramin ɗan rakiya ne wanda ba ya iya kome shi kaɗai. Alherin rana na busarwa ya fi sharrinta na haske yawa nesa ba kusa ba, muddin busarwar ta yi sauri.

Ruwan Bakolori, Barga Da Taki

Akwai inda busarwar ba ta samuwa. An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, da nufin shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Labarin gonakin da aka karɓe da jinin manoman da aka zubar a watan Afrilu na 1980 ba nan ne wurinsa ba. Abin da ya shafe mu shi ne, noman rani ya kawo tagulla irin ta masana'anta, kawunan famfo da mahaɗan bututu da makunnan ruwa, waɗanda aikinsu ke nan su zauna a jiƙe a tsakiyar rana, a watannin da zafi ke haura digiri 40.

Cutar da ta fi kama irin waɗannan ita ce zubar tutiya. Tutiya ta fi jan ƙarfe saurin narkewa, don haka a cikin ruwa mai ɗumi, mai ɗan gishiri, wanda ba ya gudu, sai ta riƙa sulalewa ta bar jan ƙarfe shi kaɗai. Siffar kayan ba ta sauyawa, amma cikinsa ya zama kamar soso. Alamarta jan tabo a jikin rawayar tagulla, da farin gari a bakin mahaɗa, da ruwa na tsattsafowa ta jikin ƙarfen ba tare da an ga tsaga ba. Ranar da aka sa sifana a murɗa sai ya ɓalle kamar ƙuli-ƙuli. Tagullar da tutiyarta ta gaza kashi 15 cikin 100 ba ta cika kamuwa ba, mai kashi 40 ita ta fi kamuwa. Tun cikin shekarun 1920 aka gano cewa ɗan mitsitsin arsanik, ƙasa da kashi ɗaya cikin 1,000, na hana wannan cuta a tagulla mai kashi 30. A cikin bututu dai babu haske, zafin rana ne ke hanzarta abin. A bayan bututu kuwa, inda ruwa ke ɗiga yana bushewa yana barin gishiri, zafi da haske da gishiri duk sun taru a kan tutiya. Manomin da ya yi wa injinsa 'yar rumfa, ya kuma tsiyaye ruwan da ke ciki in ya tashi aiki, ya rage duka ukun.

Abokin gaba na ƙarshe ya fi shafar fada. Sojojin Ingila a ƙasar Indiya sun sha mamakin yadda kwanson harsashinsu na tagulla ke tsagewa da kansa lokacin damina. Sai a 1921 aka tabbatar da dalili: a bargar dawaki ake ajiye su, iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin doki, in ta haɗu da laima, takan tsaga tagullar da aka buga ko aka lanƙwasa ba a sake gasa ta ba. Yanzu a duba inda ake rataye likkafa da adon linzami da sauran kayan hawa a gidajen sarauta irin na Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Maradun, da gidajen hakimansu. Bisa al'ada kayan doki ba su nisa da doki. Haka kuma takin zamani na yuriya, in ya sha laima, amoniya yake fitarwa, ga shi kuwa a gidajen manoma da yawa ɗaki ɗaya ne ma'ajin taki da na tsofaffin kaya. Tsagar da amoniya ta yi ba ta gyaruwa da dirza.

Dirza Da Shanya

Tsamiya da lemun tsami suna narkar da sulke, toka da yashi kuma suna kankare shi, shi ya sa tagulla ke ƙyalli bayan wanki. Sai dai duk wanki ɗaya an cire wani siririn sashe na ƙarfen, sabon sulke kuma daga jikin ƙarfen zai sake fitowa. Wanda ya duba tsofaffin tasoshi zai ga zanen da maƙeri ya yi musu ya shafe a wuraren da hannu ya fi kaiwa. Wannan zane kuwa shi ne abin da mai nazarin al'ada ke nema, da shi ake rarrabe aikin Bida da na Kano da wanda fatake suka kawo daga gabas. In kayan ya fito daga wanki da launin ja-ja maimakon rawaya, tsamin ya yi yawa ko ya daɗe, ya fara zare tutiya daga fuska.

Lokacin da ya fi kowane hatsari shi ne bayan ɗauraya. Ƙarfe tsirara ne babu sulke, ga ragowar tsami a cikin zane, ga ruwa, aka kuma kife shi a rana. Abin da ya fi shi ne a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane da busasshen ƙyalle har cikin zanen, sa'an nan a ba shi rana kaɗan don ta kore sauran laimar. Kada a sa gishiri a cikin abin dirza. Wajen ajiya kuma a ɗaga kayan daga ƙasa, a nisanta su da taki da barga, kada a ƙulle su cikin leda da damina. Kayan tarihi masu launin ƙasa-ƙasa mai sulɓi a ƙyale su yadda suke, ƙura kawai za a share.

Game da ci da sha kuwa, abinci mai tsami irin su fura da nono ko kunun tsamiya, in ya kwana a tasar tagulla, yakan narkar da jan ƙarfe ya jawo amai da ciwon ciki. Bayan haka tagullar famfo da kwaɗo takan ƙunshi dalma har kashi 2 ko 3 cikin 100, wadda ake sawa don ta yi sauƙin yanka a inji, abin da ya sa Amurka ta rage iyakar dalma a kayan ruwan sha zuwa kashi 0.25 daga Janairun 2014. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda aka gano a 2010, daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ba daga tagulla ba. Amma ta koya wa Zamfarawa abin da dalma ke yi wa yaro, don haka zoben da aka ƙera da tsohon kan famfo bai dace da bakin jariri ba.

Ga ɗalibin da ke son ya gani da idonsa, gwajin ba shi da tsada. A sami ɗan fallen tagulla guda a wurin maƙerin fari ranar kasuwar Talata, a yanka shi gida huɗu domin gaurayen ya zama ɗaya, a goge su daidai. Biyu a sa su cikin kofunan gilas masu ruwan rijiya da ɗan gishiri, biyu a bar su busassu. Daga kowane kashi a rufe ɗaya da gwangwani mai huji a gefe don iska ta shiga, ɗaya a bar shi a buɗe, a jera su duka wuri ɗaya a rana domin zafinsu ya yi kusa da juna. A riƙa cika ruwan da ya ƙafe da ruwan sama, ba da ruwan gishiri ba, kada gishirin ya ƙaru. Kowace Juma'a a rubuta launin da kowanne ya yi, da kalmar da tsofaffin gida suka kira wannan launi da ita, har tsawon wata uku.